Dashen Mangwaron Koci

Ina tsakiyar fili ina zuba layi da toka labarin ya same ni. Ranar Alhamis ce bayan la'asar, a farkon zangon karatu, damina ta ɗauke ke nan. Da gwangwanin madara nake aikin, wanda na huda gindinsa da ƙusa. In cika shi da tokar da nake kwasowa daga kicin ɗin makaranta, in bi igiya ina kaɗawa. Na gama layin gefe ɗaya na juyo, sai ga maigadin makarantarmu tsaye da sandarsa.

"Malam, ka ga baƙin Koci?"

"Waɗanne baƙi?"

"Mutum biyu da farar mota. Daga Kalgo sunka ce sun hito. Sun hi awa guda ƙarƙashin dogon yaro suna magana da shi. Har lemu sunka kawo mai, kwali guda."

"Mi sunka zo nema?"

"Haba Malam. Mi mutanen Kalgo za su nema wurin mai ƙwallo? Ba dai albasa ba."

Na tsaya da gwangwani a hannu, toka tana zuba wuri ɗaya. Abin da ya fito daga bakina, wanda har yau nake jin kunyarsa, shi ne, "Sun tambaye ni?"

Maigadi ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma? A'a."

Koci ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Ina rubuta wannan ne domin akwai abin da mutanen garinmu suka ɗauka game da tafiyarsa, kuma ba haka aka yi ba.

Kafin ya zo, ni ke riƙe da 'yan ƙwallon makarantarmu ta sakandare a Gwandu. Shekara tara ina tare da su. Ni malamin aikin gona ne, ban karanci wasa ba. An ba ni ne domin na taɓa bugawa ina saurayi, kuma ba wanda yake son aikin. A shekara taran nan ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba a gasar makarantun yankinmu. Ba wanda ya zarge ni, domin ba wanda yake sa rai da komai.

Sai aka turo shi, malamin wasanni, mutumin wajen Yawuri, ɗan masunta, gajere, na girme shi da shekara takwas. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce daga ranar ni ne mataimakinsa. Na ce to. Aikina ya koma zuba layi, ɗaura raga, da kirga riguna bayan wasa.

Ba ya busa usur a wurin atisaye, tafi yake yi. Ya san wane ɗalibi ne ke zuwa daga Dalijan a keke, wane ne sai ya mayar da shanu kafin ya samu fitowa, sai ya gyara lokaci saboda su. Ranar kasuwa yakan bi iyaye har rumfunansu, ya durƙusa ya roƙi a bar masa ɗa na awa biyu. Ɗaliban da na riƙe ina yi musu ihu ba sa ji, shi sai ya kira mutum gefe ya faɗa masa magana ɗaya, ka ga ya koma fili kamar an sauya shi. Cikin shekara shida ya kawo mana kofin yankin sau uku.

Gari ya zama nasa. In mun zauna wurin mai shayi, nasa ake fara haɗawa, kuma madararsa ta fi yawa, na sha lura. 'Yan kabu-kabu ba sa karɓar kuɗinsa. In muna tafe tare aka gaishe mu, shi ake fara kira, sai daga baya a ce, "A'a, Malam, ashe tare kuke." A ofishin shugaban makaranta akwai hoton kofi na biyu. Yana tsakiya ya ɗaga kofin, ni ina can ƙarshe da buhun raga, mai hoto ya yanke rabin kafaɗata.

Kuma bai taɓa yi mini laifi ba. "Malam babba" yake kirana. A gaban mutane yakan ce, "Mai tsaron gidan nan da kuke yabo, Malam babba ne ya gano shi." Gaskiya ce kuwa, ni na gano shi. Amma in ya faɗa sai in ji kamar sadaka ya ba ni.

Mutanen da suka zo daga wata sabuwar kwaleji suke, mai zaman kanta, a Kalgo. Mai makarantar yana son suna da wuri, ya ga ƙwallo ce hanya mafi kusa. Sun yi wa Koci alkawarin gida, da motar kai 'yan wasa, da fili mai ciyawa. Ga Birnin Kebbi kusa. Kafin Juma'a ta zagayo duk Gwandu ta ji.

Ranar Asabar kwamitin iyaye ya zauna a ajin 'yan aji shida, aka kira ni domin ni ne na kusa da shi. Shugaban kwamitin wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, tsohon dillalin albasa, mai ƙaramar murya. Wani ya ce a saya wa Koci babur. Wani ya ce a tura wakilai Kalgo a gaya musu su ji kunya. Wani ya ce a rubuta takarda zuwa ma'aikata. Alhaji ya bari kowa ya gama, sannan ya gyara zama a kan bencin ɗalibai.

"Babur hawa shikai ya tahi da shi Kalgo," in ji shi. Aka yi dariya. "Ku saurare ni. Mutumin ga shekara shida shina cikinmu, ba shi da taki ɗaya na ƙasa. Haya yake, shina sayen albasa kasuwa kamar baƙo. Ku ba shi fadama. In ya yi dashe watan gobe, dole ya tsaya ya ba ta ruwa, dole ya jira cira. In ya ci ta bana, zai so ta baɗi."

Kowa ya ce wannan ita ce magana. Sai aka zo kan fadamar wa. Idanu suka fara juyowa wajena. Kowa ya san ina da fadama ta gadon mahaifinmu, rabona ne ni kaɗai tun da aka raba, kuma rabi kawai nake iya nomawa saboda aikin makaranta.

Na ce na bayar. Ban jira an roƙe ni ba. Aka yi ta sa mini albarka, Alhaji ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ban ɓoye wa kaina dalilin ba ko a ranar. Ina son a ce a gari, "Malam ne ya tsayar da Koci." Ina son sunana ya shiga labarin ko sau ɗaya. Sannan kuma, ko da yake wannan zai yi wuyar fahimta ga wanda bai taɓa ji ba, ba na son Kalgo ta same shi. Ina jin zafinsa, amma namu ne.

Da na gaya wa yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, sai ya ce, "Gonarka ce, yi yadda kake so. Ka dai bayyana mai aro ne." Ba sai an yi mini bayani ba. A wurinmu wanda aka ara wa gona yana shuka duk abin da za a girbe a shekara, in ya cire ya kai wa mai gona ɗan wani abu, shaidar cewa ƙasa tana da mai ita. Amma ba ya dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da wanda ya ara da wanda aka ara wa. Bayan shekara talatin 'ya'ya za su ce ubansu ne ya dasa, daga nan magana ta tashi. In mai gona ya yarda ka dasa itace, to ya yarda ke nan kai da zuriyarka kuna da wurin tsayawa a ƙasar.

Koci ya karɓa. Da na kai shi ya ga wurin, ya daɗe tsaye a kan kunyar gonar yana kallonta. Can ya ce, "Malam babba, ni fa ban san komai ba sai komar kamun kifi da ƙwallo."

"Za ka koya. Albasa ba ta gudu kamar kifi."

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. A makon ya aika wa mutanen Kalgo cewa ya gode, amma yana da aiki a Gwandu.

Watanni ukun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da shi. A fadama ni ne koci. Na nuna masa yadda ake cire iri ba a tsinke saiwa ba, da tazarar da ake bari tsakanin dashe da dashe, da yadda ake buɗe wa ruwa hanya da fartanya a toshe in fangali ya cika. Ranar farko ya dasa layi guda a karkace, na sa ya cire duka ya sake. Ya ce, "Ko ni ba na yi wa 'yan wasa haka." Na ce, "Shi ya sa suke son ka." Muka yi dariya. Yakan tambaye ni abu sau uku, in amsa masa da haƙuri, ina jin daɗin kowace tambaya.

Amma shi mutum ne da in ya kama abu ba ya saki. Ni sai na taso daga makaranta nake leƙa fadama, wani lokaci kwana biyu ban je ba. Shi kullum bayan sallar asuba yana can, kafin ya tafi aji. Yana duba kowane fangali kamar yadda yake duba ƙafar ɗan wasa. Yana zuwa wurin tsofaffin manoma da ke maƙwabtaka da mu yana tambayarsu abin da ni ban gaya masa ba. Kafin a kai ga cira, duk wanda ya bi ta hanyar zai ga bambanci. Kunya ɗaya ce tsakanin rabina da nasa, ƙasa ɗaya, rijiya ɗaya, injin ban ruwa ɗaya. Nasa ganye ya yi duhu ya miƙe, kawuna sun fasa ƙasa. Nawa yana nan dai kamar na kowace shekara.

Wata safiyar Asabar muna aiki, wani maƙwabcinmu na fadama, sa'ana ne tun muna firamare, ya tsaya a kan kunya ya dubi nan ya dubi can.

"Malam, wai ba kai ne malamin gona ba?"

"Ni ne."

"To ko albasar ma sai an kawo maka koci daga Yawuri?"

Mutum huɗu ko biyar da ke kusa suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Koci ya ce, "Kai, bari. Duk abin da ka gani nan shi ya koya mini." Wannan ya ƙara musu dariya. Na sunkuya na ci gaba da buɗe ruwa. Na daɗe ina kallon ruwan yana shiga fangalin da ya riga ya cika ban toshe ba.

A wannan zangon ne gasa ta haɗa mu da kwalejin nan ta Kalgo, a filinsu. Ban taɓa taka irin filin ba. Ciyawa ce shimfiɗe, layinsu da farin fenti, ba toka ba. Mun ci su biyu da nema. Bayan wasa mai makarantar ya sauko da kansa, babban mutum da babbar riga, ya kama hannun Koci ya zagaya da shi filin, kamar ba yanzu aka cinye 'yan wasansa ba. Ina bakin mota ina kirga riguna ina kallonsu. Na ga Koci ya sunkuya ya shafa ciyawar da tafin hannunsa. Shekara shida ina zuba masa layi, ban taɓa ganin ya sunkuya ya duba ba.

A mota na ce masa, "Ta yi maka ko?"

"Me?"

"Ciyawar."

"Ta yi kyau," in ji shi. "Amma ruwa take ci fiye da albasa." Ya juya ya shiga yi wa masu tsaron baya faɗa a kan wata ƙwallo da ta kusa shiga.

Da aka cire albasa ya kawo mini buhu guda har gida, kamar yadda al'ada ta ce, ya zaɓo manya. Matata ta ɗaga ɗaya ta ce, "Malam, wannan daga fadamarmu?" Na ce daga rabin Koci. Ta kwashe ta shiga da su.

Da aka yi ruwan farko ya sake zuwa, da hantsi ranar Lahadi. Na fito na same shi a zaure, a gabansa rabin jarka da aka yanke, cike da ƙasa, da ɗan dashen mangwaro mai aure a ciki, tsawonsa bai kai gwiwa ba. Ganye shida ne, na kirga muna magana.

"Malam babba, alfarma na zo nema."

"Allah ya sa ina da ita."

"Ina son in dasa wannan a bakin rijiya, ta gefena. Wurin ba inuwa."

Na dubi dashen, na dube shi. Ya gane.

"Na san ƙa'ida," in ji shi. "An gaya mini. Shi ya sa ban dasa ba sai da na zo." Ya juya jarkar kaɗan da ƙafarsa. "Maiɗakina ce ke tambayata, wai me muke da shi a Gwandu in na tsufa na daina gudu. Mutanen can sun sake aikowa, har ita suka aika wa. Na ce mata ni dai a nan nake so a san ni. Ba gonar nake so ba, wallahi. In ka ce a kira shaidu a rubuta ƙasa taka ce, a rubuta. Itacen kawai."

Ya faɗa mini komai, bai bar wani abu a rufe ba. Abin da kwamitin iyaye suka zauna dominsa, abin da Alhaji ya tsara, ga shi ya zo da ƙafarsa har zaurena. Kalma ɗaya ta isa. Ƙasar tawa ce, ba mai hana ni.

Abin da na gani a lokacin kuwa shi ne shekara ashirin nan gaba. Itace ya girma a bakin rijiyar mahaifina, manoma suna hutawa a ƙarƙashinsa, ana cewa mu haɗu a mangwaron Koci. Ya karɓi 'yan wasa, ya karɓi gari, albasarsa ta fi tawa, yanzu har fadamar za a riƙa kira da sunansa.

Na ce, "Ai ba komai. Sai dai ka san ba ni kaɗai ba ne. Bari in yi shawara da yayana."

"Haka ne," in ji shi da sauri. "Haka ya kamata." Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "To bari in bar shi nan wurinka har ku gama shawara. Gidan haya awaki sun yi yawa."

Ban yi wa yayana maganar ba. Kullum muna haɗuwa a masallaci, muna dawowa tare.

Bayan mako biyu Koci ya tambaye ni a fili, muna ɗaura raga. Na ce yayan ya yi tafiya. Bayan wata guda ya sake tambaya, na ce ana dubawa, ka san manya. Ya ce, "To." Gwandu ba ta da girman da mutum zai kasa sanin wanda ya yi tafiya da wanda yake gari. Bai sake tambaya ba. Bai canza mini fuska ba, bai daina kirana Malam babba ba. Da lokacin shirya iri ya matso na ce masa ya fara neman taki, sai ya ce, "Bana ka noma abinka duka. Na gode ƙwarai."

A ƙarshen zango na uku ya ajiye aiki ya koma Kalgo.

Kwamiti ya sake zama. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ad da kusa da shi. Mi ya faru? Mun ga kamar ya zauna."

Na ce, "Alhaji, mutanen can suna da ciyawa. Na ga yadda ya shafa ta ranar da munka je."

Aka yi ta girgiza kai. Wani ya ce baƙo dai baƙo ne. Wani ya ce an ba shi fadama ya ci ya goge baki. Ina zaune ina ji, ban gyara ba. Wannan maganar ce ta zauna a gari har yau, kuma daga bakina ta fito.

Aka mayar mini da 'yan wasa. Na sayi sabon usur. Na samu abin da na yi shekara bakwai ina so, na tsaya a gaban benci ni kaɗai, wani malami yana zuba mini layi. A gasar shekarar muka haɗu da Kalgo a zagaye na biyu, a filinmu, suka ci mu uku da ɗaya. Na ga 'yan wasansu suna duban bakin fili in ya yi tafi, kamar yadda namu suke yi da. Namu ma, da ya yi tafi, biyu daga cikinsu sun waiwaya.

Bayan wasa ya tsallako fili ya zo wurina. Ya ɗan rame, na ɗauka aiki ne.

"Malam babba, layin nan ba hannunka ba ne. Ya karkace."

"Na samu ƙarin girma."

"Na gani." Ya yi murmushi. "Yaya mangwaro?"

"Shina nan."

"Ana ba shi ruwa?"

"Ana ba shi."

Wannan gaskiya ce, amma ba ni ke ba shi ba. Matata ce ta ajiye shi kusa da randa, tana zuba masa ruwan da ta wanke shinkafa. Da saiwa ta fasa jarkar sai ta mayar da shi cikin wata tsohuwar randa da bakinta ya karye. Sau ɗaya ta tambaye ni yaushe za a kai shi fadama. Na ce sai an gama shawara. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan wasan ya rasu. Jinya ce ta makonni kaɗan, ciwon ciki aka ce. Ban san yana kwance ba sai da aka kira shugaban makarantarmu ana sanar da jana'iza. Kafin mu isa Kalgo an riga an kai shi.

Muka je gidan da suka ba shi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mai makarantar ne zaune a wurin masu karɓar gaisuwa, da malamansu, da wani ƙanen marigayin da ya zo daga Yawuri. Mu mutanen Gwandu, mota biyu, muka durƙusa muka yi musu ta'aziyya, suka ce mun gode, Allah ya ba da lada, aka nuna mana tabarmar baƙi. Shekara bakwai ya yi da mu, bai cika biyu da su ba. Su ne suka wanke shi, su suka ɗauke shi, a ƙasarsu yake kwance. Ina zaune ina amsa addu'a, kuma ko a wurin, Allah ya yafe mini, abin da nake ji ke nan.

Da za mu tashi aka ce maiɗakinsa tana son gaisawa da Malam babba. Na tsaya a bakin ƙofa, tana daga ciki bayan labule. Muka gaisa, na yi mata haƙuri. Sai ta ce, "Yana yawan maganarka. Ko lokacin da yake kwance ya ce yana da itace a Gwandu, a wurinka, kuna shawara da Yaya tukuna." Ba da wata manufa ta faɗa ba, muryarta ba ta nuna komai ba. Ina jin yadda ya gaya mata ke nan, ita ma ta riƙe haka.

Na ce, "Haka ne."

Bayan kwana uku na sami yayana a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga, na gaya masa duka, tun daga ranar da aka kawo jarkar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mangwaro guda?"

"Guda."

"Da ka tambaye ni ai da na ce a dasa biyu. Wurin nan ba inuwa, tun Baba na da rai nake faɗa." Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "Ka gaya ma Alhaji?"

Ban gaya wa Alhaji ba tukuna. Nakan gan shi ranar kasuwa a rumfar 'yan albasa, mu gaisa, in wuce.

Da damina ta faɗi bana na ɗauki fartanya na je fadama, na haƙa rami a bakin rijiya, ta gefen da ya noma. Na zuba taki na dawo, da niyyar washegari in ɗauki itacen a kan babur. Ya kai ƙirjina yanzu, ganyensa ƙanana ne saboda randar ta yi masa kaɗan. Washegari na tsaya a kansa na rasa abin da zan ce in maƙwabtan fadama sun tambaye ni na wane ne. Na ce sai jibi.

Damina ta wuce. Ramin ya cika da ƙasa rabi, mangwaron yana nan kusa da randa, ban dasa shi ba.